Lissafin Alhaji a Hanyar Maleshiya

Ranar Laraba, liman na sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu muka fara ɗora kaya a mota. Ba mu bar Ƙanƙara ba sai da gari ya yi haske sosai, don kun san halin hanyoyinmu yanzu, ba mai fita da sauran duhu. Ni ce da maigidana Alhaji, sai ƙaninsa da zai kai mu Kano ya dawo da motar. Ku da kuka saba ganin hotunan ɗinkina a shafin nan kun dame ni da tambayar inda na shige kusan wata biyu. To ku gyara zama. Maleshiya na je na dawo, ni ɗin nan da ko Abuja ban taɓa takawa ba.

Abin da ya kai ni, ɗiyata ce ta fari. Mijinta na karatu a can, shekara uku ke nan da suka tafi. Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba, amma mu a namu tashin, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta ma nuna ta san da zamansa a gaban mutane. Ana yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Mabai, can ta girma. Mahaifiyar tawa take kira Inna, ni kuma ta bi bakin ƙannena tana ce mini Yaya. Ni ko in zancenta ya kama sai in ce 'yar Mabai. Shekararta ashirin da tara, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, kuma da wannan ake yabona a dangi, ana cewa wance akwai alkunya.

Inna ta rasu bara. Ita kuma yarinyar ga ciki, bayan na farko ya zube mata yana wata takwas. Da ma an yi mana takardu tun tuni a kan zan je wankan jego, sai kwatsam likitoci suka ce jininta ya hau, ba za a jira naƙuda ba, za a yi mata aiki ranar Alhamis ƙarfe ɗaya na rana. Ran nan ta turo mini saƙon murya, abin da ba ta taɓa yi ba sai dai ta hannun ƙannenta.

"Yaya, ina jin tsoro. Ina so in gan ki kafin a shiga da ni."

Na saurara ya fi sau goma a ɗakin ɗinki. A ƙarshe na ce a faɗa mata muna tafe.

Mai yankar mana tikiti a Kano ya matso da tafiyar zuwa Laraba, ya ce babu jirgi kafin nan. Ya karanta wa Alhaji a waya: tashi ƙarfe ɗaya na rana, kusan awa biyar zuwa Habasha, zaman jira awa huɗu, sannan wajen awa sha ɗaya zuwa can. Alhaji tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana kwasar masara daga 'Yankara da Sabuwa zuwa Legas, kuma a duniya ba abin da yake taƙama da shi kamar lissafin hanya. In ya ce la'asar za ta yi mana a Funtuwa, to ki fara alwala. Ya zauna ya ƙirga da yatsu: awa ashirin, tara na safe ke nan. Ya ƙara awa biyu, don ya je Makka ya ga agogonsu ya riga namu da haka, kuma a cewarsa gabas ai gabas ce. Sha ɗaya na safe muna can, har in sha kunu kafin a shiga da ita. A gabana ya kira surukinmu ya faɗa masa haka. Aka yi shiru a wayar, sannan na ji yaron ya ce, "To Baba, Allah Ya kawo ku lafiya." Takardar jirgin kuwa tana cikin jakata da ƙananan rubutunta na Turanci, ba wanda ya tsaya karanta ta.

Hanyar Kano lafiya lau, sai ramuka da shingayen jami'an tsaro. Damina ta yi albarka, dawa ta fi mutum tsawo, sai dai can gefen daji za ka ga gonakin da ciyawa ta cinye don masu su sun gudo cikin gari. A Malumfashi muka tsaya sayen ƙosai, na ba da ɗari biyar aka ƙirgo mini guda goma, kowanne bai fi kan babban yatsa ba. Na ce wa mai suyar ko na maganin baki ne. Ta ce in je in tambayi masu wake. Akwatina kam ya sha kaya: yajin jego da na daka da hannuna, kanwa, gero surfaffe, kuka, busasshen ganyen darbejiya, da daddawar da ƙanwar Alhaji ta aiko daga Daudawa, na naɗe ta a leda uku amma ƙamshinta ya riga mu shiga filin jirgi.

Tashin jirgi, jama'a, gani ya kori ji. Ya fara tafiya a hankali kamar motar amarya, sai ya tsaya, ya yi wani gurnani, ya zabura. Bayana ya manne da kujera, na kama hannun Alhaji a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Da na buɗe ido Kano ta koma ƙasa, gidaje sun tsuke, gonaki sun zama kamar guntayen atamfar da nake haɗawa in yi shimfiɗa. Can sai muka huda gajimare muka bar shi a ƙarƙashinmu. Gajimaren da muke ɗaga kai muna roƙon ya zubo mana ruwa, yau ga ni ina leƙa shi ta sama, fari tas, ba iyaka. Na yi ta salati, tsoro ya tafi, sai wani irin girman Allah da ya cika mini ƙirji.

A bayan kowace kujera akwai ɗan talabijin da ke nuna taswira, da hoton ɗan jirgi yana rarrafe a kai, da gudun da muke yi. Alhaji ya sa tabarau ya duba, ya cire ya goge, ya sake dubawa. Kilomita ɗari takwas da wani abu a awa ɗaya. Ya ce ba gaskiya ba ne, ga shayinsa ko motsi bai yi a kofi. Da ya ga mun bar Najeriya mun shiga Chadi tun bai gama cin 'yar shinkafar da aka kawo ba, sai ya koma lissafi. Wai daga Ƙanƙara zuwa Faskari kafin in gama zura zare a allura in ɗinke maɓalli biyu an wuce. Wai Legas da yake kwana biyu a hanya, da zafin inji da facin taya, wannan abin bai kai awa biyu ba. Ya jingina ya ce, "Ashe wahala kawai muka sha." Na ji tausayinsa, na ba shi naman kazata.

Bayan magariba muka sauka Habasha, gari a kan duwatsu, da sanyi mai shiga ƙashi. Filin jirginsu ya yi wani ƙaramin gari, kantuna a jere, mutane kala-kala, fari da baƙi da masu ƙananan idanu, kowa na sauri ba mai gaida kowa. Na tambayi kuɗin ƙaramar gorar ruwa, wani ɗan Najeriya ya juya mini shi zuwa naira, na ajiye musu abinsu a hankali. Da wannan kuɗin sai in sa a cika mini randa mako guda. Muka ɗanɗana wani abincinsu mai kama da sinasir amma da tsami, na ci don kar a ce ban ci ba. Abin da ya fi faranta ran Alhaji shi ne agogon bango: ya riga namu da awa biyu cif. Ya gyara nasa yana murmushi, ya ce mini abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce to ai ni ban yi musu ba.

Jirgi na biyu ya ninka na farko, kujeru tara a layi. Allah Ya haɗa ni zama da wata Hajiya 'yar kasuwa daga Kano, mai zuwa sarin mayafai, wadda ta ce ta daina ƙirga zuwanta. Muka gaisa, ta ja bargo ta yi barcinta. Ni kuwa idona na kan ɗan jirgin taswira. Ya bar ƙasa ya shiga shuɗi, ya yi ta tafiya a cikin shuɗin nan, awa ɗaya, awa biyu, awa uku, babu ko ɗigon ƙasa. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin da muke wucewa a hanya. Na riƙa tuna yarinyar nan, yadda ta bi ta kan wannan ruwan ita kaɗai da mijinta, kuma da za su tafi abin da na iya ce mata kawai shi ne a yi haƙuri da zaman aure.

Ina cikin haka na ɗan ɗaga murfin taga, sai haske ya doke ni. Gefen sama ya yi ja, ya koma ruwan zinare, rana na shirin ɓullowa daga cikin teku. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Na taɓa Alhaji don mu yi sallah kar ta wuce mu. Ya duba agogonsa: huɗu da kwata. Ya kaɗa shi, ya kara a kunne, ya ce batir ne. Muka yi taimama muka yi sallah a zaune. Motsinmu ya tashi Hajiyar, ta ji muna gardamar agogo, ta yi dariya ta ce ai haka abin yake, mu ne muke gudu muna tarar rana. Ta ce Maleshiya ta riga Najeriya da awa bakwai.

Alhaji ya ce biyu dai. Ta ce biyu na Makka ne, Alhaji, can gabas ɗin da sauran tafiya. Ta danna talabijin ɗina ta nuna mini wani layi da ban kula da shi ba: a can yanzu tara ta wuce na safe, kuma saura mana fiye da awa shida. Ta ce sai wajen la'asar za mu sauka.

Ban yi makaranta mai zurfi ba, amma tela ba ta rasa lissafi. Na juya na kalli Alhaji, kuma gaskiya in faɗa muku, na ji haushinsa irin wanda ban taɓa ji ba, har da na surukin nan da ya san gaskiya ya rufe bakinsa don kar ya ce wa babba ya yi kuskure. Sai kuma haushin ya dawo kaina. Wayata tana hannuna kwana uku, lambar yaron na ciki, lambarta na ciki. Tambaya ɗaya ce, ƙarfe nawa za mu iso, amma wai ni mai kunya, ba na magana da suruki, ba na kiran ɗiyar fari. Alhaji ya kwance agogon ya sa a aljihu, ya ciro carbi. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Laifina ne. Ki yafe mini." Shi ma fa ɗiyarsa ce ta fari, shi ma bai taɓa kama sunanta ba.

Sauran tafiyar nan ba zan iya kwatanta muku ita ba. An kawo abinci na mayar. Na zuba wa lambobin nan ido suna canzawa: goma, sha ɗaya, sha biyu. Jirgin da ɗazu nake mamakin gudunsa, yanzu gani nake kamar a tsaye yake. Ba waya, ba hanyar aika saƙo, ba inda za ka ce direba ya taka. Da lambar ta koma ɗaya daidai, muna sama, ƙarƙashinmu ruwa da wasu 'yan tsibirai kore shar. Hajiyar ta ce a daidai lokacin gari ke wayewa a gida. Na hango Ƙanƙara ana share tsakar gida, na hango wani ɗaki da ban sani ba ana tura gado, ga ni a tsakani ban isa ko'ina ba, kuma rana ɗaya ce a kanmu duka. Na ce ya Allah, Kai da Ka riƙe wannan ƙarfen a sama da mutum ɗari uku a ciki, riƙe mini ita ba zai gagare Ka ba. Na rufe fuska da mayafi na yi kukana. Hajiyar nan da ban san ta ba ta riƙe hannuna har jirgin ya ɗan tsaya a wata ƙasa ya sake tashi.

Da la'asar muka sauka, ana ruwan sama. Layin duba fasfo ya ci kusan awa ɗaya. Wani ma'aikaci ya buɗe akwatina, ya shinshina daddawa, ya rufe da sauri ya yi mana nuni mu wuce. Muna fitowa na hango surukinmu. A tsakiyar mutane, a kan tayil mai sheƙi, yaron nan ya durƙusa har ƙasa ya fara: ina wuni Baba, ya hanya, ya gajiya, ya mutanen gida, ya aka baro su. Alhaji na amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya kasa tambaya. Ni da ban taɓa haɗa ido da yaron ba sai na ji bakina ya buɗe.

"Kai, bar gaisuwar nan. Tana raye?"

Ya ɗago a firgice. "Tana raye, Umma. An samu mace. Ta zubar da jini da yawa amma sun tsayar. Na baro ta ba ta gama farkawa ba."

Hanyar asibiti ta kai awa ɗaya. Na ga itatuwan kwakwar manja a jere kamar an ja musu layi da igiya, da gine-ginen da sai ka karya wuya za ka ga ƙarshensu, da mata da hijabinsu suna tuƙa babur cikin ruwa. Na gani dai, amma sai daga baya na tuna na gani.

Ɗakin nata shiru, sai ƙarar wata na'ura. Tana kwance, ta yi fari fat, an sa mata ruwa da jini, idonta a rufe. Jaririyar na gefe a wani ɗan gado na gilashi. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi shiga. Na yi sallama ba ta motsa ba. Na ce sannu, ba ta motsa ba. Mijin ya ce ma'aikatan sun ce a riƙa kiran sunanta, shi ke dawo da mutum. Ya dube ni ya sunkuyar da kai, don ya san abin da ya faɗa. Na matsa na dafa goshinta, na kira ta. Sunan ya fito mini da nauyi, kamar na wani yare. Na sake kira.

Ta buɗe ido a hankali tana dube-dube, ta ce, "Wa ya kira ni?"

"Ni ce."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce ta ɗauka Inna ce ta zo tafiya da ita, don muryarmu ɗaya, kuma ba ta taɓa jin sunan a tawa ba. Alhaji ya juya ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Kwana arba'in da biyar na yi. Wankan jego dai sai abin da ya samu: ba murhu, ba itace, ruwan zafi daga bango yake fitowa, kuma likita ta hana a taɓa wurin ɗinki, sai da aka yi makonni kafin darbejiyata ta yi amfani. Kunun kanwa kam ta sha har ta ƙoshi. Maƙwabciyarsu, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta shigo da doguwar tsumma ta nuna mini yadda suke ɗaure cikin mai jego, ta ƙirga mini da yatsu cewa su kwana arba'in da huɗu suke yi. Ba na jin yarenta ba ta jin nawa, amma mun yi hira sosai. Shinkafarsu da madarar kwakwa suke dafa ta, tun ina yatsina har na koma neman ƙari. Akwai kuma wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, wanda warinsa ya sa na daina jin kunyar daddawata.

Wata rana ina gasa mata jiki na yi mata ƙorafin mijinta da ya bar mu cikin duhu. Ta ce ba kunya ce kaɗai ba. Tun ranar Talata ya faɗa mata ba za mu iso ba, ita ce ta hana shi gyara wa Baba lissafi. Ta ce tunda ba wani jirgin, gara in taho da sa rai da in yi awa ashirin a sama zuciyata a karye. Wato yarinyar da za a shiga da ita ɗakin aiki, tana tsoron mutuwa, ni take tausayi. Na ci gaba da matsa tawul.

Dawowa ta fi sauƙi. Rana muka riƙa bi a baya, yinin ya ƙi ƙarewa, Alhaji kuwa ko sau ɗaya bai yi lissafi ba, duk wanda ya gani da kayan ma'aikata sai ya tambaye shi. Muka kwana Kano, washegari da hantsi muka shigo Ƙanƙara, an fara yankan dawa. 'Yan sannu da zuwa suka cika gida, kowa tambayarsa ɗaya, wai da nisa? Na ce da nisa ƙwarai, duniyar Allah ta fi yadda muke zato, har rana ba lokaci ɗaya take fito mana ba. Abin da na koyo kuma bai wuce wannan ba: matambayi ba ya ɓata, kuma kunya ado ce, amma akwai ranar da za ta tashi ta bar ka da hannu biyu a ka. Ban ce ku zubar da ita ba. Na ce dai kar ku jira sai an sa wa ɗanku jini.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara, ita ce, tana son jin ko mun sauka. Tsakar gida cike da mata, har da gwaggona da ta haura tamanin. Na ɗauka na kira sunanta da ƙarfi, na ce mun iso lafiya. Wasu suka kama baki. Da na ajiye wayar gwaggo ta yafito ni, na durƙusa ina jiran faɗa. Ta daɗe tana murza carbinta, sannan ta ce nata ɗan farin ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa, kuma har aka fita da shi ba ta kira shi ba.

"Sake kiran nata," in ji ta. "Ina so in ji yadda ake yi."